Haƙorin hankali: wa ya kamata a cire wa, wa ya kamata a ƙyale?

Shin duk wanda haƙorin hankali ya tsiro masa sai an cire? In kuma an cire, da gaske ne ido na iya mutuwa? Tambayoyin nan biyu suna yawo a unguwanninmu na Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase har Sabon Zango, kuma kowace da inda ta fito. Ta farko waya ce ta kawo ta. Yaranmu suna kallon samari da 'yan matan Amurka a TikTok da Facebook, kumatu sun yi suntum, baki cike da auduga, suna ta sambatu bayan an cire musu haƙora huɗu a zama ɗaya, sai su ɗauka wani wajibi ne da mu muka yi sakaci da shi. Ta biyu kuwa a tsakar gida ake jin ta, daga bakin uwa ko kaka: "Ɗan nan, kar ka yarda su taɓa maka na sama, jijiyarsa a haɗe take da ido."

Mai ciwo in ya ji wannan ya ji wancan, sai ya rasa ta kamawa, ya nufi kantin magani. A ganina nan ne abin yake ɓaci. Amurkawa suna muhawara ne a kan ko sun cika gaggawar cirewa. Mu kuwa tamu matsalar jinkiri ce, domin da yawa daga cikinmu ba ma zuwa wurin likita sai baki ya ƙi buɗuwa.

Wane haƙori ake magana a kai?

Baligi mai cikakken baki yana da haƙora 32. Guda 28 daga ciki sukan gama fitowa tun yaro yana wajen shekara 12 ko 13. Sauran huɗun turame ne na can ƙuryar baki, biyu a sama biyu a ƙasa, kuma su ne ake kira haƙoran hankali. Yawanci suna fitowa tsakanin shekara 17 da 25. Wani huɗun duka za su fito masa, wani biyu ko ɗaya, wani kuma Allah bai halitta masa ko ɗaya ba, kuma lafiyarsa lau.

Da yake shi ne na ƙarshen zuwa, sau da yawa yakan tarar wuri ya ƙare. Kamar fasinjan da ya iso tashar Kejetia bayan motar haya ta trotro ta cika ne: in da ɗan sauran wuri ya zauna daidai, in babu ya jingina a jikin na kusa da shi, ko ya maƙale a ƙofa rabinsa ciki rabinsa waje. Haƙorin na iya fitowa a miƙe, yana iya karkatowa gaba ya tokari turmin da ke gabansa, yana iya kwanciya a gicciye cikin ƙashi, yana kuma iya zama binne gaba ɗaya har mutum ya tsufa bai san da shi ba. Masana da dama suna danganta ƙarancin wurin da sauyin abinci: muƙamuƙin da ya girma a kan tauna abu mai tauri ya fi faɗi, na wanda ya tashi a kan abinci mai laushi kuma ya fi matsewa. Gado ma yana da nasa hannu.

Me ke kawo ciwon?

Wanda ya fito a miƙe, ya samu abokin tauna, buroshi ko asuwaki na kaiwa gare shi, wannan haƙori ne kamar kowane. Wanda ke binne can cikin ƙashi shi ma yawanci shiru yake yi. Mai fitinar shi ne wanda ya leƙo rabi, musamman na ƙasa.

Irin wannan yakan zo da wani ɗan leɓen dasashi da ya rufe bayansa. Ƙarƙashin leɓen akwai aljihu, kuma duk abin da aka ci sai ya bar saƙo a ciki: ƙwayar shinkafar waakye, zaren nama, garin goro. Buroshi ba ya shiga. Ƙwayoyin cuta su taru, wurin ya kumbura, ya yi ja, baki ya fara wari, mutum ya riƙa jin wani ɗanɗano mara daɗi. Haƙorin sama kuma ya riƙa sauka a kan kumburin duk lokacin da aka rufe baki. In abin ya yi gaba, sai ka ga saurayi ya zauna gaban tuwo da miyar ayoyo, amma yatsa biyu ba sa shiga tsakanin haƙoransa, yana tura loma ta gefe yana runtse ido.

Hanya ta biyu ta fi ɓoyuwa. Haƙorin da ya karkato ya jingina da maƙwabcinsa yana yin wani lungu da ba ya wankuwa, sai ruɓa ta kama bayan maƙwabcin nan, wato turmi na biyu, wanda shi ne mutum ya fi buƙata wajen tauna. Akwai masu zuwa asibiti don haƙori ɗaya, su koma gida an cire biyu.

Ta uku ba ta cika faruwa ba, amma tana da nauyi: wata jakar ruwa kan taso a kewayen haƙorin da ke binne, ta riƙa cin ƙashi a hankali ba tare da zafi ba. Zan dawo kanta.

Inda likitoci suka rabu

A Amurka an daɗe da al'adar cire haƙoran hankali tun mutum yana ɗan shekara 17 zuwa 20 da 'yan kai, ko da ba su taɓa ciwo ba. Hujjarsu ita ce a wannan shekarun saiwar haƙorin ba ta gama tsawo ba, ƙashi bai yi tauri ba, rauni yana saurin warkewa, don haka gara a yi yanzu da a jira sai mutum ya kai 40 aikin ya yi wuya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin cirewa a jikin babba ta fi wahala.

Ingila ta bi wata hanya. A shekarar 2000 hukumar NICE, mai tsara wa asibitocin gwamnatin ƙasar ƙa'idojin jinya, ta ce a daina cire haƙorin hankalin da ba shi da cuta, ko da a maƙale yake. A cire shi ne kawai in akwai dalili: ruɓar da ba ta gyaruwa, ƙurji mai mugunya, jakar ruwa ko ƙari, ko kumburin dasashin da ya dawo karo na biyu ko ya zo da tsanani tun farko. Hujjarsu ita ce tiyata tana da nata haɗari, kuma bai dace a ɗora shi a kan mutumin da wataƙila har abada haƙorin ba zai dame shi ba. A Amurkan ma, ƙungiyar masana lafiyar jama'a ta ƙasar ta fito a 2008 ta soki cirewar rigakafi. Daga baya wasu likitocin Ingila sun yi ƙorafin cewa barin haƙoran da suka karkato yana jawo ruɓar turmi na biyu, don haka muhawarar ba ta mutu ba.

Akwai kuma masu cewa haƙorin hankali ne ke turo haƙoran gaba su hau juna. Hujjar wannan ba ta da ƙarfi, domin haƙoran gaba na ƙasa sukan cunkushe da shekaru ko a bakin wanda aka cire wa nasa.

Ni dai na fi karkata ga ra'ayin Ingila, musamman ga mai neman na abinci a Kumasi. Biyan kuɗin tiyata huɗu a kan haƙoran da ba su yi laifin komai ba, bai kama hankali ba. Sai dai ra'ayin nan yana da sharaɗi da mu muka saba tsallakewa. Su da suka ce a bar shi, sun gina maganarsu ne a kan cewa mutum yana zuwa a duba bakinsa lokaci-lokaci, ana ɗaukar hoto, ana lura da shi. Barin haƙori a ƙarƙashin idon likita daban, mantawa da shi sai ranar da wuya ya kumbura daban.

Abin da jinkiri ke haifarwa

Ga yadda abin yake tafiya a gidajenmu. Ciwo ya fara, a sa kanumfari. Wannan ba laifi, kanumfari yana da wani mai da ke kashe zafi na ɗan lokaci, likitocin haƙori ma suna amfani da sinadarinsa. Amma wasu kan daka asfirin su cusa a wurin, alhali asfirin ƙona dasashi yake yi ya bar farin gyambo. Wasu su sa garin taba, wasu kanwa, har da masu ɗiga ruwan batir. Daga nan sai kantin magani: a sayi amoxicillin da Flagyl na kwana biyu, zafi ya lafa, a ajiye sauran. Bayan wata uku ya dawo, a maimaita. Wasu matasan kuma ta wannan ƙofar suke faɗawa shan tramol.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta yana kwantar da kumburi, amma aljihun nan yana nan, abinci na ci gaba da shiga. Kuma duk shan da aka yi rabi-rabi yana koya wa ƙwayoyin cutar jure maganin.

Abin tsoron shi ne saiwar turamen ƙasa tana kusa da wasu guraben nama da ke ƙarƙashin harshe da haɓa. Mugunya in ta samu hanya ta gangara can, sai ƙasan haɓa ya kumbura ta ɓangarorin biyu, ya yi tauri, harshe ya ɗago sama ya koma baya ya fara toshe hanyar numfashi. Likitan Jamus Wilhelm Friedrich von Ludwig ne ya bayyana wannan cuta a 1836, har yau da sunansa ake kiran ta, kuma tana kisa cikin 'yan kwanaki in ba a yi gaggawa ba. Mai ciwon suga ya fi kowa shiga haɗarinta.

Saboda haka, duk wanda ciwon haƙorinsa ya zo da zazzaɓi da kumburin da ke gangarowa wuya, ko haɗiyar yawu ta gagara har yana dalala, ko murya ta sauya, ko numfashi ya yi nauyi, a kai shi sashen gaggawa a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne. Kar a tsaya shafa magani, kar a ce sai gari ya waye. Kuma maganar da ake yi cewa "ba a cire haƙori yana kumbure" ba dalilin zama a gida ba ce. Likita ne zai duba ya ga ko zai fara tsaga wurin ya fitar da mugunya, ko ya cire nan take, ko ya fara da magani.

Ido, tsutsa da mai juna biyu

Jijiyar gani daban take da jijiyar da ke kai ji ga haƙoran sama, kuma cire haƙori ba ya makantar da mutum. Iyayenmu ba su ƙirƙiri tsoron haka kawai ba: sun ga masu ciwon haƙorin sama da fuskarsu ta kumbura har ido ya rufe. Amma abin da ya rufe idon mugunyar haƙorin da aka bari ce, kuma ita ce ke iya haurawa ta yi wa ido lahani. Abin da turmin sama yake kusa da shi da gaske shi ne wani kogon iska a cikin ƙashin kunci, mai haɗe da hanci. Wani lokaci cirewar takan bar 'yar ƙofa tsakaninsa da baki, shi ya sa likita kan hana fyace hanci da ƙarfi na wasu kwanaki.

Tsutsa kuwa babu ita a haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke mayar da sukari tsami, tsamin ya ci haƙori.

Mai juna biyu tana iya ganin likitan haƙori, kuma allurar kashe zafi ba ta cutar da ciki. Aikin da ba na gaggawa ba an fi son yin sa a watanni ukun tsakiya ko bayan haihuwa. Amma barin mugunya a bakin mai ciki ya fi cirewar haɗari nesa ba kusa ba.

Yadda ake aikin

Ana farawa da hoto. Wanda aka fi so shi ne babban hoton da na'ura ke zagaya kai ta ɗauko muƙamuƙi duka daga kunne zuwa kunne. A nan likita zai ga kwanciyar haƙorin, lanƙwasar saiwarsa, da nisansa da jijiya. Duk mai son yi maka tiyatar haƙorin da ya maƙale ba tare da hoto ba, ka ɗauki takalminka.

Kafin a taɓa ka, ka faɗi duk abin da kake da shi: hawan jini, ciwon suga, sikila, gyambon ciki, juna biyu, ko maganin tsinka jini irin su warfarin. Kar ka daina shan maganinka da kanka don za a cire maka haƙori, likita ne zai faɗa maka yadda za a yi.

Yawancin aikin a kujera ake yin sa, ido biyu, da allurar da ke kashe gefen bakin. Za ka ji ana dannawa ana girgizawa, amma bai kamata ka ji zafi ba, in ka ji ka ɗaga hannu a ƙara allura. Na sama sau da yawa 'yan mintoci ne. Na ƙasa da ya kwanta shi ne mai aiki: a tsaga dasashi, a ɗan kankare ƙashin da ya rufe shi, a raba haƙorin gida biyu ko uku da injin, a fitar da shi gunduwa-gunduwa, a wanke ramin, a ɗinke. Raba haƙorin da ake yi dabara ce ta rage ɓarnar ƙashi, kar mai jinya ya ɗauka karyewa ya yi a hannun likita. Ana sa mutum barci ne kawai in aikin ya yi zurfi sosai ko akwai wani dalili na musamman.

Haɗarin da ya kamata kowa ya ji kafin ya sa hannu a takarda shi ne na jijiyoyi biyu. Ɗaya tana ratsa cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa, tana kai ji ga leɓe da haɓa. Ɗayar tana bi ta gefen harshe. In aka taɓa su, leɓe ko rabin harshe kan yi dundum kamar allurar ba ta sake ba. Yawanci jin yana dawowa cikin makonni ko watanni, amma ga 'yan kaɗan ba ya dawowa. In hoto ya nuna saiwar ta rungumi jijiya, akwai hanyar da ake yanke kan haƙorin kawai a bar saiwar a cikin ƙashi. Mai jinya yana da haƙƙin ya tambaya ko wannan ta dace da shi.

Kwanakin da ke biyo baya

Duk warkewar ta rataya ne a kan gudan jinin da ke daskarewa a cikin ramin. Shi ne murfin ƙashi da jijiya. A cije audugar da aka sa kamar minti 30. A awa 24 na farko kar a kurkure baki da ƙarfi, kar a riƙa tofar da yawu, kar a tsotsi abin sha da tsinke, kar a sa harshe ko yatsa a ramin. Ruwan leda ma a zuba shi a kofi, domin tsotsar da muke masa tana iya fizgo gudan.

Masu tambaya game da alwala: a mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, kurkure baki sunna ne, don haka wanda ya bar shi a ranar farko saboda rauni alwalarsa ta inganta. Daga rana ta biyu sai a fara ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a juya shi a hankali bayan kowane cin abinci. Aikin da zai iya jira kuma, ya fi sauƙi a tsara shi ba cikin azumi ba, saboda shan magani a kan lokaci.

Abinci ya zama mai laushi kuma ba mai zafi ba: koko da ya huce, madara, ƙwai, tuwo mai taushi da miyar kuɓewa. A jinkirta waakye, gari, gyaɗa, ƙosai mai tauri da tsire. Masu goro su yi haƙuri na mako guda.

Kumburi yakan kai ƙarshensa a rana ta biyu ko ta uku, sannan ya fara sauka, kuma cikin mako ɗaya zuwa biyu yawancin mutane sun koma daidai. Parasitamol da ibuprofen sun ishi mafi yawan mutane, sai dai mai gyambon ciki da mai juna biyu su nisanci ibuprofen. In kuwa zafi ya lafa sannan ya dawo da ƙarfi bayan kwana uku zuwa biyar, yana harbawa har kunne, baki na wari, to gudan jinin ya fita, ƙashi ya zauna a buɗe. Wannan ya fi samun masu shan sigari, kuma shisha ma ɗaya ce. A koma asibiti, za a wanke ramin a sa magani a ciki, sauƙi yakan zo da wuri.

Ina za a je, kuma da wane kuɗi?

A Kumasi, manyan ayyukan baki da muƙamuƙi suna asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen gari ke kira Gee, inda ɗaliban likitancin haƙori na jami'ar KNUST ke koyon aiki. Na Akra kuma Korle Bu. Amma ba kowane haƙorin hankali ne sai an kai shi can ba. Likitan haƙori a ƙaramin asibiti zai iya cire mai sauƙi, ya tura mai wuya gaba da takarda.

Inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, wadda aka kafa da dokar 2003, ta haɗa da cire haƙori da tsaga ƙurji a fitar da mugunya. Haƙorin roba ba ya ciki. A tabbatar katin yana aiki kafin ranar ciwo, ana sabunta shi ta waya da *929#. Kuma a tambaya tun a teburin farko me katin ya ɗauka, me za a biya da hannu, musamman kuɗin babban hoto da na tiyata, domin a asibitin kuɗi farashin cirewar da sai an tsaga ya ninka na cirewar yau da kullum. Duk wanda zai sa ƙarfe a bakinka kuma ya zama mai rajista da hukumar likitoci da likitocin haƙori ta Ghana. Mai cire haƙori a lungu ba shi da hoto, ba shi da yadda zai tsayar da jini in ya ɓalle, kuma kayan aikin da ba a dafa ba suna ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau daga baki zuwa baki.

Saura maganar da na ce zan dawo kanta. Akwai kumburin muƙamuƙin da ba ya zafi ko kaɗan, yana girma a hankali cikin watanni ko shekaru, yawanci ta wajen ƙuryar ƙasa inda haƙorin hankali yake. Yana iya zama jakar ruwan nan, yana kuma iya zama wani ƙari da likitoci ke kira amiloblastoma, wanda likitocin muƙamuƙi a Afirka ta Yamma suka saba gani. Yawancinsa ba ya yaɗuwa zuwa sauran jiki kamar kansa, amma yana cinye ƙashi. Da yake ba ya hana barci, mutane kan zauna da shi, mace ta riƙa jan mayafi tana rufe gefen fuska, namiji ya bar gemu. In an kama shi yana ƙarami aikin taƙaitacce ne, in ya girma sai an yanke wani sashe na muƙamuƙin an maye shi da ƙarfe ko ƙashin da aka ɗebo daga wani wuri a jiki. Wanda ya lura gefe ɗaya na haɓarsa ya fi ɗayan kauri, ko haƙoran ƙuryarsa sun fara girgiɗi ba dalili, ko leɓensa na ƙasa ya fara mutuwa, ya je a ɗauki hoton nan ko da ba ya jin zafin komai.